Jimny ta kafe min a bakin teku, an ce in sayar in sayi Prado

Baban Hanifa, Kwatano:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, amma bari in fara ba ku labarin abin kunyar. Ina da Suzuki Jimny ƙirar 2012, injin 1.3, giyar hannu, irin wadda ake danna maɓalli a shiga fowil, wato duka tayoyi huɗu su ja. Ranar Lahadi na kwashi iyalina da yara biyu da ƙanin matata, muka bi hanyar masunta da ta tashi daga Fidjrossè ta nufi Ouidah. Da muka yi nisa sai na ga wata 'yar kafa tsakanin bishiyoyin kwakwa, na ce bari in gangara da su har bakin ruwa, ai motar fowil ce. Ban yi taku talatin ba na ji ta yi nauyi. Na ƙara mata wuta, ta ƙara nutsewa. Na sa ribas, haka. Kafin in ankara cikinta ya zauna daram a kan yashi, ƙofa ma da ƙyar ta buɗe. Masunta takwas ne suka tone ta da hannu da filafili, suka shimfiɗa ganyen kwakwa, suka turo mu. Sefa dubu 10 na ba su, ban da dariyar da na sha kyauta. Yanzu wani abokina ya dage wai motar ce ba ta da ƙarfi, in sayar in nemi Prado. Masu sani, haka ne?

Na-Damagaram:
Bakano ya ga teku ya ruɗe. Da ma wa ya aike ka? Ku da ruwanku bai wuce Tiga ba.

Baban Hanifa, Kwatano:
Kai da ko Tigar ba ka da ita fa? Bari manya su yi magana.

Usta Sani bakanike:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi wa mota hukunci, tambaya biyu. Iska nawa ke cikin tayoyinka ranar? Sannan lokacin da take tonon, wani ya tsaya a waje ya ga tayoyin gaba suna juyawa, ko fitilar fowil kawai ka gani a dashbod ka yarda?

Baban Hanifa, Kwatano:
Iska dai mai faci ne ya sa, ina jin 40 yake sa min kullum a gejinsa na awon iska. Na gaba suna juyawa, don ƙanin matata ya sha yashi a fuska daga nan.

Usta Sani bakanike:
To ai magana ta ƙare. Arba'in! Ko a kan kwalta wannan iskar ta yi wa Jimny yawa, duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ka gani, ba ta kai 30 ba. Masu facinmu hannunsu ya saba da bas da a-kori-kura, kowace mota 40 suke ɗura mata. Ka shiga yashi da taya kamar dutse, dole ta yanka ƙasa ta nutse. Na tambayi na gaban ne saboda wannan motar da iskar inji take kulle ƙafafun gaba, ta wasu 'yan siraran tiyo. In tiyon ya tsage, fitila za ta iya nuna maka kana fowil alhali baya ne kawai ke aiki. Tunda sun juya, wannan ba ya ciki.

Alhajin Apapa:
Ni dai ina bayan abokinka. Ƙaramar mota ƙarama ce. Na yi shekara shida da Prado, ina shiga bakin ruwa ta wajen Ibeju-Lekki, ban taɓa kiran kowa ya tura ni ba. Injin 1.3 ai na Starlet ne. Yashi ƙarfi yake so.

Injiniya Maryam:
Alhaji, da girmamawa, ƙarfin nan shi ya binne motar Baban Hanifa. Da injin ya gaza, da mutuwa zai yi, ba tono ba. Tayoyi huɗu sun yi ta juyawa har ciki ya taɓa ƙasa, kenan ƙarfi ya ishe ta har ya yi saura. Abin da ta rasa wurin takawa ne.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Jimny irin tasa ba ta wuce kilo 1,100 ba in babu kowa a ciki, wato kowace taya tana ɗauke da wajen kilo 275. In iskar ciki 40 ce, fatar tayar da ke taɓa ƙasa ba ta fi tafin hannun babban mutum ba. In aka sauke ta zuwa 15, wurin takawar zai ninka fiye da sau biyu, domin nauyin bai canza ba, iskar da ke riƙe shi ce ta ragu, dole tayar ta kwanta ta nemi ƙarin ƙasa. Kuma yawancin ƙarin ta tsawo yake zuwa. Mutane suna ganin kumatun taya sun bultso gefe su ɗauka faɗi ne ya ƙaru, alhali gaba da baya ta miƙe, kamar sawun katafila. Ku dubi ƙafar raƙumi da ta jaki a kan rairayi, wa ke nutsewa?

Alhajin Apapa:
To Injiniya, in haka ne ni ma in na sauke tawa zuwa 15 mun zama ɗaya kenan, ga ni kuma da babban inji da manyan tayoyi. Ina ribar ƙaramar?

Injiniya Maryam:
Ka kama ni a nan, kuma gaskiyarka rabi. Babbar taya tana da amfani sosai a yashi, ba na musu. Amma Prado ta haura tan 2. Iskar da Jimny za ta yi yawo a kai hankali kwance, kai in ka sauka can ka karya kwana da ɗan gudu, taya za ta iya ficewa daga bakin wili. Mai sauƙin nauyi yana da sararin sauka ƙasa fiye da kai. Sannan ranar da ka kafe, ba mutum takwas da ganyen kwakwa ne za su fitar da kai ba.

Alhajin Apapa:
Ai ban kafe ba.

Na-Damagaram:
Tukuna dai, Alhaji. Tukuna.

Baba Tsohon Direba, Agadas:
Salamu alaikum yara. Jikana ne ya karanta mini wannan zance, shi ke rubuta mini. Ni na yi aikin hanya tun ana kawo Fijo 504 daga Faransa ta Aljeriya, a sauko Tamanrasset, a shigo ta Assamaka, a zo Arlit, a zo nan. Motocin nan ba kat-kat ba ne, wato fowil ɗinku, ƙafar baya kaɗai ke ja, amma sun ƙetare Sahara ba adadi. Da me? Da sauke iska, da tol guda biyu (faifan ƙarfen da ake shimfiɗa wa taya), da shebur, da sanin lokacin tafiya. Mu da asuba muke cin rairayi mai laushi, lokacin yana da sanyi ya kama jikinsa. Rana ta take, sai ya zama gari, sai mu nemi wuri mai tauri mu kwanta ƙarƙashin mota.

Mu da kilo muke auna iska. In kwalta kilo 2 da 'yan kai ce, rairayi sai mu sauko kilo 1.2, in ya yi tsanani kilo 1. Kuma doka ta fari da ake koya wa yaron mota: da ka ji taya ta juya mota ba ta ci gaba ba, ɗauke ƙafarka. Nan take. Sauko ka duba. Wanda ya ɗauke ƙafa da wuri, tonon minti biyar ne. Wanda ya yi zuciya da totur, wuni ne. Ɗana na Kwatano, zuciya ka yi.

Amma in gaya muku, bakin teku ba hamadar Tenere ba ne. Na bi na Muritaniya sau biyu, kafin a yi kwalta tsakanin Nuwadibu da Nuwakshot. Daga wani ƙauyen masunta da ake kira Nuwamghar ake sauka bakin ruwa, a bi shi fiye da kilomita 100 har babban birni. Jagora zai zaunar da ku ya ce a jira ruwa ya janye. In ya ce a tashi, ba mai tsayawa fitsari. Hagu tudun rairayi, dama teku, tsakani ɗan zirin ƙasa mai tauri kamar siminti. Na ga gawarwakin motoci a hanyar nan, rufinsu kawai ke waje. A Sahara in ka kafe, kana da ruwan sha, sai ka dafa shayi ka jira. A bakin teku ruwan yana tafe, kuma ba ya jiran ka gama tono.

Baban Hanifa, Kwatano:
Allah ya ƙara girma Baba, na karɓi faɗan. Wallahi zuciya na yi, ga iyali suna kallo. Injiniya, kilo 1 ɗin Baba nawa ne a gejin masu facinmu?

Injiniya Maryam:
Kilo 1 ɗinsu kusan 14 da rabi ne a namu. Kenan 1.2 wajen 17 ne. Ka fara da 18, in ka ji tana wahala ka sauko 15. Ƙasa da 12 sai dai don fita daga rami, a miƙe, a hankali, sannan ka mayar.

Maganar ruwa da Baba ya kawo ita ce ta fi ba ni tsoro a labarinka. Teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana guda, kuma lokacin yana matsawa gaba da wajen minti 50 kowace rana. In yau ƙarfe 10 ya janye, mako mai zuwa ƙarfe 10 ɗin nan a cike za ka same shi. Ga wata dabara da mu ba ma buƙatar a koya mana: ku bi lissafin watan Musulunci. Cika mafi girma da janyewa mafi nisa suna zuwa ne daf da tsayuwar wata da kuma wajen 14 zuwa 16 ga wata. Akwai jadawalin cika da janyewa na tashar Kwatano a intanet, ka duba kafin ka fita, ka shiga awa biyu kafin ƙarshen janyewa, ka fito kafin awa biyu bayansa.

Ɗan Zongo, Lome:
Ku yi hankali da wannan zance na "ƙasa mai tauri a bakin ruwa". Muritaniya daban, nan daban. Gaɓarmu daga Lome har Kwatano a tsaye take kamar gangaren rufi, yashin garas-garas ne, igiyar ruwa kuma da ƙarfi take dukan ƙasa. Bambancin cika da janyewa a nan bai kai mita 2 ba, don haka zirin da ke buɗewa siriri ne, kuma ko jiƙaƙƙen ma ƙafarka nutsewa take in ka taka. Ni na ga Hilux ta bi gefen ruwa a karkace, igiya ɗaya ta zo ta kwashe yashin ƙarƙashin tayoyin ɓangaren teku, motar ta kwanta. Jimny kuwa doguwa ce siririya, ita ce ma ta fi saurin kifewa a karkace. Wannan kam Alhajin Apapa yana da gaskiya a kai ko bai faɗa ba.

Alhajin Apapa:
Yawwa. Allah ya yi maka albarka.

Ɗan Zongo, Lome:
Ban ce ya sayi Prado ba fa, Alhaji. Abin da nake cewa shi ne ya tsaya sama inda ya daidaita, ya bi sawun da wasu suka riga suka taka. In dole ne ya juya a gangare, ya juya hancin ta ɓangaren gangaren da faɗi, kada ya yanke sitiyari lokaci guda.

Maman Walid:
Ni duk ba wannan ne ya tsaya min ba. Baban Hanifa, mutum biyar a Jimny? Kujera huɗu gare ta. Yaran a cinya aka riƙe ko yaya?

Baban Hanifa, Kwatano:
Hajiya ƙanana ne, sun matsu a baya da kawunsu.

Maman Walid:
Ƙananan ne ma abin tsoron. Allah ya kiyaye gaba, amma a gyara.

Usta Sani bakanike:
Hajiya ta taɓo wani abu. Duk abin da motar nan za ta ɗauka, mutane da kaya, wajen kilo 350 ne. Manya uku da yara biyu da kula da tabarmi, ka cinye shi. In za ka ratsa wuri mai laushi, sauke kowa su taka da ƙafa, su same ka a gaba.

Sai giya. Kada ka yi ta fama da 4WD na sama kana ƙona kuloci. Tsaya cak, taka kuloci, danna 4WD-L, wato ƙaramar giyar fowil. Tashi da giya ta biyu, ka wuce ta uku, ka riƙe ta a nan da wuta daidai, ba ƙari ba ragi. Kowane canjin giya a yashi mai laushi tsayawa ne, don da ka taka kuloci yashin ya riƙe ta. Birki kuma ka manta da shi, ɗauke ƙafa kawai za ta tsaya da kanta. In ka taka birki tayoyin gaba za su tara tudu a gabansu, tashi ya gagara. In za ka faka, ka sa hancinta yana kallon gangare. Da ka hau kwalta ka fitar da fowil, wannan motar ba a yi ta don tafiya da shi a kan ƙasa mai kamawa ba, za ka ji sitiyari yana gardama, ƙarshe ka ɓalla wani abu.

Abba Doha:
Ƙari kan na Usta ga masu sabuwar, ta 2018 zuwa sama mai injin 1.5. Tana da na'urar hana santsi da ke rage wuta da kanta in ta ji taya na zamewa, a yashi kuwa kullum taya na ɗan zamewa. Sai ka kashe ta da maɓalli, kuma in kana 4H, wato fowil na sama, tana dawowa da kanta da ka wuce gudun 30. Mu nan Qatar in mun je rairayin Sealine ko Khor Al Adaid, a bakin shiga kowa ke tsayawa ya sauke iska, daga mai Land Cruiser har mai Patrol, ba wanda yake jin ya fi ƙarfin abin. Jimny kuma ina ganinsu suna hawa inda manyan ke hawa, sai dai a dogon tudu ƙarfinta kan ƙare kafin ƙoli.

Mai RAV4:
Don Allah mu masu RAV4 da CR-V fa? Mu ma an rubuta mana fowil a baya.

Usta Sani bakanike:
Naku ba shi da ƙaramar giya, kuma cikinku a ƙasa yake. A yawancinsu gaba ke ja, baya sai an ji zamewa yake taimakawa, in ya yi zafi ya saki. Da iska 18 za ka wuce ɗan wuri, amma ba motar yawo a rairayi ba ce. In otomatik ce ka kula da zafin giya.

Malam Habu, Ada:
Ina ta karantawa ina jira wani ya ambaci masu wurin, ba wanda ya yi. Ni ina zaune kusa da inda kogin Volta ya shiga teku a Gana. Bakin ruwan nan da kuke gani fili, wurin aikin mutane ne. Masunta suna jan koma da igiya mai tsawon gaske, mutum ashirin talatin a layi, igiyar a miƙe daga ruwa har gindin kwakwa. Akwai raga a shanye, akwai yara a kwance cikin inuwar kwalekwale. Sannan kunkurun teku suna fitowa da dare su haƙa rami su zuba ƙwai, wajen ɗari a rami guda, can saman yashi inda ruwa ba ya kaiwa, wato daidai inda Ɗan Zongo ya ce a bi. Ƙwan yana kusan wata biyu a binne. Mota ta taka, ta murƙushe. In sun ƙyanƙyashe kuma, sawun taya rami ne a wurinsu, sai su bi shi a tsaye maimakon su gangara ruwa, rana ta fito tsuntsaye su tsince su. A Grand-Popo nan kusa da kai ma suna fitowa, akwai masu gadinsu. Ƙarshen shekara zuwa farkon sabuwa ne lokacin ya fi ƙarfi. Ni ra'ayina, faka a gindin kwakwa ka taka da ƙafarka. Taku talatin ne fa ka ce.

Ɗan Zongo, Lome:
Malam ka ɗaure ni da igiyata. Shi ya sa na ce sawun da aka riga aka taka, inda masunta ke shiga da motar ɗaukar kifi. Amma na yarda, ba ko'ina ba ne.

Na-Damagaram:
Wato a ƙasa teku ya ci mota, a sama mota ta ci kunkuru. Bakano, ka koma Tiga kawai.

Alhajin Apapa:
In ya sake kafewa ya kira mai babbar mota ya fizge shi, shi ke nan. Ni na sha fizgo mutane.

Usta Sani bakanike:
Alhaji da me kake fizgowa, a ina kake ɗaurawa? Wannan wurin ne ake mutuwa. Kada a kuskura a rataya igiya a kan dunƙulen ƙarfen jan tirela na bayan mota. In ya ɓalle, harsashi ne, yana fasa gilashi ya sami mutum, an rasa rayuka a haka. Kaca ma ba a fizga da ita. Motar da cikinta ke zaune a yashi, a tone ta tukuna har a ga haske ta ƙarƙashinta, a share gaban kowace taya, a sauke iska, sannan a ja a hankali daga ƙugiyar da ke jikin shasi, kowa ya matsa nesa. Prado ta fizgi Jimny da gudu, sai ta tafi da gaban motar ta bar sauran.

Baban Hanifa, tun ranar Lahadi ka wanke ƙarƙashinta?

Baban Hanifa, Kwatano:
Jiki dai an wanke.

Usta Sani bakanike:
Kai ta a ɗaga ta gobe. Ruwan daɗi mai ƙarfi, cikin shasi, bayan wili, cikin birkin baya. Gishiri da yashi in suka kwana a nan tsatsa ce. A duba boris ɗin kimfin na ƙafafun gaba, inda ƙafar ke juyawa in an karya sitiyari, shi ne raunin Jimny, ruwa na shiga ya cinye shi, sai wata rana kana gudun 80 sitiyari ya kama rawa a hannunka. A busa matatar iska ma.

Baban Hanifa, Kwatano:
'Yan zaure na dawo da rahoto, bayan kwana tara. Na wanke ƙarƙashi kamar yadda Usta ya ce, yashin da ya fito zai cika bokiti. Na sayi geji na kaina, da ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota, da shebur. Jiya da safe na koma, ni da ƙanin matata kawai, don uwargida ta ce ita da motar nan sai kan kwalta. Na nemi dattijon masuntan da suka tura ni, ya gane ni tun daga nesa yana dariya. Na tambaye shi inda motar kifi ke shiga, ya nuna min wata kafa can gaba, ya ce kada in wuce kwalekwale na ƙarshe, bayan nan ba a taka wa da mota. Malam Habu, ka ji.

Na sauke zuwa 16, na sa 4WD-L, giya ta biyu. Wallahi kamar ba motar ba. Wurin da ya fi wanda na kafe laushi ta bi shi tana lilo kamar kwalekwale. Sau ɗaya ta fara tono da na karya kwana da yawa, na tuna Baba na ɗauke ƙafa, na yi ribas a kan sawuna, ta fito. Ban kusanci ruwan ba, gangaren da Ɗan Zongo ya faɗa na gan shi da idona, ko da ƙafa sai ka dage.

Abin da ba wanda ya gaya min: famfon nan ɗan ƙarami kusan rabin awa ya ci kafin ya mayar da tayoyi huɗu, yana zafi ina kashewa, mu kuma a tsaye cikin rana. Murfin bawul biyu kuma sun faɗa yashi, har yanzu suna can.

Alhajin Apapa:
Madalla. Amma in ka tashi sayarwa ka fara yi min magana, yarona yana so.

Na-Damagaram:
Alhaji, yaronka ko kai?

Baba Tsohon Direba, Agadas:
Murfin bawul a baki ake riƙe shi, ɗana. Jikana ya ce in tambaye ka nawa ka sayi famfon.